Zango guda da manhajar shirya darasi a ajin lissafi a Makka

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi ta yara maza a Makka. Ina koyar da aji ɗaya da aji biyu na matakin tsakiya, wanda a nan ake kira mutawassiɗa, wato shekaru ukun da ke tsakanin firamare da babbar sakandare. Ɗalibaina ’yan shekara 12 zuwa 14 ne, kuma da yawansu ’ya’yan Hausawa ne. Wasu a nan aka haifi iyayensu har da kakanninsu, a unguwannin da ke kewayen Shari’a Mansur da Misfala, wasu kuma zuwan baya-bayan nan ne daga Kano ko Maraɗi ko Damagaram. A gida Hausa suke ji, a aji kuma da Larabci nake karantar da su. A farkon zangon da ya gabata na biya kuɗin wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da aka yi domin malamai, mai rubuta tsarin darasi da tambayoyin aikin gida da wasiƙun iyaye, na yi aiki da ita kusan kullum har ƙarshen zangon. Ban ga amfanin kama sunanta ba, domin irinta sun yi yawa tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba na 2022, kuma akasarinsu tubali ɗaya aka gina su da shi.

Abin da ya tura ni gwada ta shi ne nauyin aiki, sai kuma yanayin da ƙasar ke ciki. Tun lokacin annobar korona a 2020 dandalin Madrasati na Ma’aikatar Ilimi ya saba wa malamai da ɗalibai karatu ta intanet, hukumar SDAIA mai kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira tana aiki tun 2019, sannan daga shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 an shigar da darasin ƙirƙirarriyar basira cikin manhajar karatun makarantun gwamnati. Na ga cewa abin da za a koya wa yarana bai kamata in tsaya ina kallonsa daga nesa ba.

Inda ta fi yi mini rana shi ne rarraba tambayoyi gwargwadon ƙarfin yara. A ajina na ɗaya akwai ɗalibai 28, cikinsu akwai wanda ke gama aiki kafin in sauke alƙalami daga allo, akwai kuma wanda har yanzu yake ƙirga jadawalin bakwai da yatsu. A da, rubuta takardar aiki kala uku a kan darasi ɗaya yana cinye mini daga bayan Isha’i har tsakar dare, shi ya sa sau da yawa kala ɗaya nake yi, mai ƙoƙari ya gaji da jira, mai rauni kuma ya sunkuyar da kai. Yanzu nakan ba ta tambaya guda da na rubuta da hannuna, in ce ta fito mini da goma masu sauƙi, goma matsakaita, biyar masu wuya, kuma kafin shayina ya huce sun fito. Duba su da gyara su yana ɗaukar kusan rabin awa. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma a kansa kaɗai kuɗin da na biya bai tafi a banza ba.

Sai dai a makon farko misalanta duk na wata duniya ne. Kuɗinta dala ne, yaran cikin tambayoyinta suna wasa da dusar ƙanƙara, kuma da ta tsara mini mako sai ta fara daga Litinin ta ƙare a Juma’a, alhali makonmu na karatu daga Lahadi ne zuwa Alhamis, tun da aka mayar da hutun mako Juma’a da Asabar a 2013. Da na zauna na rubuta mata dogon bayani a kan inda muke da yadda yaran suke rayuwa, sai abin ya gyaru ƙwarai. Na ce ta yi tambayoyin kaso cikin ɗari da harajin kaya na kashi 15 da ake biya a nan tun Yuli na 2020. Ta kawo tambayar takalmi na riyal 200 wanda ya koma 230 a wurin biya, sannan ta juya ta: idan rasit ya nuna 230, nawa ne farashin kafin haraji? Fiye da rabin ajin suka cire kashi 15 daga 230 suka samu riyal 195 da halala 50, kuma daga wannan kuskure muka yi darasi mafi daɗi a makon, domin kowa ya taɓa riƙe irin wannan rasit a hannunsa.

Haka aka yi da jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018. Manhajar ta rubuta cewa tsakanin Makka da Madina kilomita 450 ne, jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, awa nawa zai yi? Amsar takarda awa ɗaya da rabi ce. Wani yaro da ke zama kusa da taga ya ɗaga hannu ya ce, “Ustaz, ni na hau shi da Baba, mun wuce awa biyu.” Gaskiya ya faɗa, domin jirgin yana tsayawa a Jidda, kuma ba ya riƙe cikakken gudunsa daga tasha zuwa tasha. Daga nan muka shiga bambancin mafi girman gudu da matsakaicin gudu, abin da ba ya cikin tsarin darasin ranar ko kaɗan.

Kuskuren da ya fi girgiza ni a darasin kusur ya faru, wato lissafin rabi da sulusi da rubu’i. Na daɗe da lura cewa yaran Hausawa suna saurin kama wannan babi idan aka bi da su ta rabon gado, saboda kalmomin sulusi da sudusi da sumuni suna cikin Hausar gidajensu, sun ji su a bakin manya. Na nemi manhajar ta rubuta tambayoyi a kan haka. Cikin abin da ta kawo akwai matar da ta rasu ta bar miji da ’yan’uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye, da dukiya ta riyal 42,000. Ta ba mijin rabi, riyal 21,000, ta ba ’yan’uwan sulusi biyu, riyal 28,000, ta rufe amsar da cikakkiyar natsuwa. Kason kowa daidai yake da abin da ke aya ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa’i, amma idan aka haɗa su sun zama 49,000, wato an raba abin da babu. Na duba takardar da dare ina gajiye, idona ya tsallake wannan, har ta isa hannun yara. Wani ɗalibi mai shiru-shiru ne ya zo gaban tebur ya ce a hankali, da Hausa, “Malam, kuɗin ba su kai ba.”

Wannan ita ce mas’alar auli da malaman fara’ili, wato masana rabon gado, suka sani tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda: idan kason magada ya zarce dukiyar, sai asalin lissafin ya tashi daga 6 zuwa 7, miji ya karɓi uku cikin bakwai, riyal 18,000, ’yan’uwan su karɓi huɗu cikin bakwai, riyal 24,000. Washegari na roƙi malamin fiƙihu na makarantar, dattijo ne da ya girme ni nesa, ya shigo ajin ya yi musu bayani na minti goma. Da muka fito ya ce mini, “Ustaz, hukuncin Allah ba a karɓarsa daga bakin wanda ba za a tambaye shi gobe ƙiyama ba.” Tun ranar ban ƙara barin ta ta taɓa wani abu da ya shafi hukuncin addini ba, sai dai in rubuta tambayar da kaina, malamin ya duba.

Dalilin irin wannan kuskure yana cikin yadda aka gina waɗannan manhajoji. An ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa, suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, don haka amsa mai kyan tsari suke fitarwa ko da lissafin da ke ƙarƙashinta ya karkace. Shi ya sa duk abin da ya shafi zane ko ma’auni nakan tabbatar da shi a GeoGebra, manhajar kyauta da Markus Hohenwarter ya fara ginawa a Jami’ar Salzburg ta Ostiriya a 2001. Ita lissafi take yi na haƙiƙa, tana da Larabci, kuma idan na haska ta a allo yaro yana jan kusurwar alwatika da yatsansa yana ganin jimillar kusurwoyin ba ta barin 180.

Larabcin manhajar shirya darasin mai kyau ne, amma rubutun lissafinta yana ba ni wahala. Littattafanmu da harafin sinun da sadun suke rubuta abin da ba a sani ba, daga dama zuwa hagu, ita kuma ko na hana ta sai ta koma x da y bayan tambaya biyar ko shida. Idan na kwafe aikin zuwa takardar bugawa, alamar ragewa takan yi tsalle ta koma ɗaya gefen lambar, wanda ga yaro ɗan shekara 12 ya isa ya rushe masa darasin gaba ɗaya.

Hausarta kuwa ita ce ta fi ba ni takaici, domin a nan na fi sa rai. Ina da iyaye da dama da Larabcinsu na kasuwa ne, ba na wasiƙar makaranta ba, na yi fatan za ta sauƙaƙa mini rubuta musu. Takan zubar da lanƙwasar haruffa, ɗa ya koma da, ƙafa ta koma kafa, kuma jimlolinta Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. A wata wasiƙa zuwa ga mahaifin wani yaro, mutumin da ya yi jika, ta fara da “ka” ta ƙare da “ki”, babu sallama, babu tambayar iyali, babu “Alhaji”, kai tsaye ta faɗa cikin laifin ɗansa. Da na aika da wannan takarda yadda take, da na ɓata zumuncin shekaru. A ƙarshe na koma hanyar da na saba, wato saƙon murya ta WhatsApp, in gaishe da uba yadda ya kamata, in fara da abin da yaron ya yi na kirki kafin in zo kan aikin gidan da bai kawo ba. Da ma da yawa daga cikin iyayen ajami da Larabci suka fi iya karantawa a kan boko.

Akwai abubuwa biyu da na kiyaye tun daga ranar farko. Ban taɓa shigar da sunan yaro ko makinsa ko hotonsa a cikinta ba, domin amana ce, kuma dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumba na 2023. Ban kuma buɗe wa ɗalibai asusu a kanta ba, saboda jagorar da UNESCO ta fitar a Satumban na 2023 ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji, kuma ’yan aji ɗaya da dama ba su kai ba. Na san wasunsu suna amfani da makamantanta a wayoyin yayyensu, ana gane hakan idan aikin gida ya zo tsaf amma yaro ya kasa maimaita layi ɗaya a allo. Saboda haka na rage makin aikin gida, na ƙara na aikin da ake yi a gabana.

Na sabunta biyan kuɗin na zango mai zuwa, domin takardun aiki kala uku da kuma abu guda da mas’alar gadon nan ta koya mini. Duk ranar Alhamis, minti goma sha biyar na ƙarshe, nakan raba wa yara amsoshi uku da manhajar ta rubuta ba tare da na gyara ba, su zauna bibbiyu su binciko ko akwai inda ta kauce. Wani makon sukan samu, wani makon duka ukun daidai ne, kuma dole su kawo hujja a kowane hali. Yaron nan mai shiru-shiru shi ke riƙe da littafin da muke rubuta kurakuran da aka kama, kuma zuwa ranar da aka yi hutu ya cika shafi huɗu.