Shagon buga samfurin gwaji a Elkhart: yadda suka yi mini aikin mariƙin shanya

Garin Elkhart da ke jihar Indiana shi ne cibiyar ƙera motocin tafi-da-gidanka a Amurka, wato motocin shaƙatawa masu gado da kicin da banɗaki a ciki, don haka yankin bai rasa ƙananan shaguna masu fitar wa masu ƙirƙira samfurin gwaji da na'urar buga kaya ta 3D ba. Ɗaya daga cikinsu na kai wa zanen wani mariƙi da ake ɗaurawa a tsanin bayan mota domin ya riƙe sandar shanya tufafi a wurin zango.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su karɓi zanen sun buga kawai ba. Mai kula da na'urorin ya fara tambayar inda mariƙin zai zauna, da ya ji cewa a waje ne, cikin rana, sai ya hana ni amfani da robar PLA a samfurin ƙarshe, wadda ta fi arha amma take fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Selsiyos. Ya ce a auna girma da ita tukuna, idan bakin mariƙin ya kama bututun tsanin daidai, sannan a koma robar ASA, wadda ke jure zafi har kusan digiri 100 kuma hasken rana ba ya saurin cinye ta. Wannan shawara ta rage mini kashe kuɗi ƙwarai.

Haka kuma ya kwantar da zanen a gefensa kafin bugawa. Dalilinsa shi ne na'urar tana jera narkakkiyar roba ne shimfiɗa bisa shimfiɗa, kuma a tsakanin shimfiɗun nan ne kaya ke tsagewa, musamman idan mota ta yi ta jijjiga a hanya. Da na riƙe samfurin a hannu, layukan sun bi tsawon hannun mariƙin, ramin kusar ya fita tsaf, noti ya zauna a gurbinsa ba tare da an kankare ba.

Sai dai akwai inda suka gaza. Amsa saƙo na ɗaukar su kwanaki, kuma ranar da suka yanka mini ta wuce ba tare da wani bayani ba. Fuskar samfurin ma tana da kaushi, ba ta kai a nuna wa dillali ba sai an goge an fesa fenti, su kuwa ba sa wannan aikin.

Wanda zai kai musu aiki ya sani cewa iyakarsu samfuri ƙwaya kaɗan. Gwajin nauyi a kan hanya na mai kaya ne, haka ma neman kamfanin da zai sassaƙa mazubin ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffar kayan, idan an tashi fitar da kayan da yawa zuwa kasuwa.