Abin toshe kunne ga mai kiɗa: wanne ya kamata ka saya?

A watan Maris na 2016 likitoci suka ce wa Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, ya dakatar da hawa dandamali nan take ko ya kurumce ɗungurungum. Ƙungiyar ta ɗauko Axl Rose ya ƙarasa zagayen, shi kuwa Johnson bai sake cikakken wasa da su ba sai 2023. Pete Townshend na The Who ya kwashe shekaru yana fama da kukan kunne, kuma ƙungiyarsa ce aka auna ƙarar wasanta a Landan a 1976 ta kai disibel 126 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Eric Clapton ma ya faɗa da bakinsa a 2018 cewa jinsa na tafiya.

Abin da ya sa na faro da waɗannan shi ne, da kunne makaɗi yake saita jita, da shi mawaƙi yake gane ko muryarsa ta kauce. In kunne ya tafi, tsadar jita ba ta mayar da sauti. Ƙananan gashin da ke can cikin kunne, masu kama sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma siririn sauti ne ke fara ɓacewa. Ma'aunin NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, shi ne kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar disibel 85, kuma duk ƙarin disibel 3 yana raba lokacin biyu. A disibel 100 minti 15 kawai gare ka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban lasifika a bikin aure, ko wajen 'yan jitar Agadas, ya san ana wuce minti 15 tun kafin rawa ta yi zafi.

A cikin abubuwan toshe kunne, mafi araha shi ne na soso, irin wanda ma'aikatan masana'anta ke murzawa su cusa. Yana rage ƙara sosai, wasu har kusan disibel 30 in an saka daidai. Matsalarsa ba ya ragewa bai ɗaya: yana cinye siririn sauti ya bar mai kauri, sai kiɗan ya koma kamar daga ɗakin maƙwabci yake fitowa. Mai ɗaukar kaya ko mai gadin ƙofa, wannan ya ishe shi. Makaɗi kuwa yawanci waƙa biyu yake yi da shi ya cire ya jefa aljihu, kuɗinsa kuma ya tafi a banza ke nan.

Na biyu shi ne na roba mai 'yar matata a ciki, kamar ER20 na kamfanin Etymotic. Yana sauke ƙara kimanin disibel 20, amma kusan bai ɗaya, wato kiɗan yana nan yadda yake, an dai rage masa murya. Ba shi da tsada sosai, ana wanke shi a sake sakawa. A ganina nan ya kamata kowa ya fara. Sai dai ka duba girma, domin ramin kunne ba ɗaya ba ne. In bai zauna daram ba, ƙara na kurɗawa ta gefe, kai kuma kana ganin ka kare kanka.

Ga wanda ke kiɗa duk mako, wanda nake ba da shawara a kai shi ne na uku, wanda ake zuba wa kunnenka kai kaɗai. Likitan ji zai cika ramin kunnenka da wata roba mai taushi, ta daskare, a aika samfurin a ƙera maka. Ana iya sauya matatarsa, akwai ta disibel 9, da 15, da 25. Mai waƙa ko mai jitar katako yakan wadatu da 9 ko 15, mai ganga da ke zaune tsakanin farantan ƙarfe ya nemi 25. Ga mawaƙi akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Toshe kunnenka da yatsa ka yi magana, za ka ji muryarka na ruri cikin kanka. Abin toshe da bai shiga ciki sosai ba haka yake yi, sai mawaƙi ya rikice ya kasa auna muryarsa. Wanda aka zuba yana shiga zurfi, rurin ya ragu. Tsadarsa ta ninka ta na biyu sau da yawa, kuma bayan wasu shekaru sai an sake aunawa, don siffar kunne na sauyawa.

Na huɗu shi ne iyafis na dandamali, mai toshe ƙarar waje ya kawo maka kiɗan kai tsaye daga mikisa, wato na'urar haɗa sautin kayan kiɗa da muryoyi. Injiniyan sauti Jerry Harvey ya ƙera wa Alex Van Halen, mai gangar ƙungiyar Van Halen, irinsa a 1995, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, yau kuma manyan mawaƙa da yawa da shi suke wasa. Mai saukin kuɗi kamar Shure SE215 yana kusan dala 100, na zubi kuma ya haura nesa. Amfaninsa babba ne: mawaƙin da ke jin kansa sarai ba ya ihu don ya rinjayi ganga, maƙogwaronsa ya huta. Amma ka sani shi kansa lasifika ne a cikin kunnenka. In ka ƙure muryarsa, ɓarnar ta fi ta da. Mafi muni shi ne al'adar cire ɗaya a bar ɗaya, domin sai ka ƙara wa wanda ya rage murya ba tare da ka lura ba. Kuma in ƙungiyarku ba ta da mikisa mai iya ba kowa nasa sautin, da mai kula da ita, kada ka fara da wannan.

Kafin ka kashe kuɗi mai yawa, je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa a gwada jinka, ka ajiye takardar don kwatantawa baɗi. Sannan duk wanda ka saya, ka yi mako biyu kana atisaye da shi a gida kafin ranar wasa, domin kwanakin farko komai zai yi maka baƙo, hannunka zai riƙa kai wa kunne don cirewa.