Gida ko gareji: ina ya kamata yaro ya fara koyon gyaran mota?

Malam, ka ce ɗan marigayi yayanka ne a hannunka, shekararsa 12, kuma duk ran da ka ɗaga bonet sai ya taso ya tsaya a bayanka yana leƙe. Kana tambaya ko ka riƙa koya masa da kanka a kan tsohuwar Corollarka, ko ka damƙa shi ga bakanike. Allah Ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma Ya ba ka ladan riƙo. Na bi hanyoyin nan biyu da yara daban-daban, shi ya sa na ga bari in sa baki.

Sifana ɗaya ake riƙewa a wuraren biyu, amma karatun ya bambanta. Duk motar da ta shiga gareji ta riga ta kamu da ciwo, don haka abin da yaron gareji yake gani kullum shi ne gyara. A gida kuwa lafiyayyar mota ce a gabansa, sai ya koyi lura da ita tun kafin ta kwanta. Mutane da yawa sun shekara ashirin suna tuƙi ba su samu wannan lurar ba, sai sun ga hayaƙi yana tashi a kan hanyar Zariya.

Bari in fara da gida, don a nan na fi daɗewa. Safiyar Asabar, kafin a tayar da inji, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Ka sa shi ya zaro sandar awon baƙin mai, wadda bakanikai ke ce wa gej, ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya faɗa maka inda man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Ka bar shi ya murza man a yatsa, ya ga launinsa yau, ya sake gani bayan wata guda. Daga nan sai man birki da ruwan lagireto a robobinsu, duk suna da layin sama da na ƙasa. Lokacin hunturu ku buɗe gidan matatar iska, ya ga irin ƙurar da inji zai shaƙa da ba don ita ba. Wannan kaɗai ya fi dogon bayani.

Taya ita ce darasin da yara suka fi so, ni ma ita na fi son koyarwa. A gefen yawancin tayoyi akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ya ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Ran da na nuna wa ɗana wannan, sai da ya zagaye motocin layinmu kaf, ya dawo yana ba ni rahoton wanda tayarsa ta tsufa, har da ta liman. Iskar da ta dace kuma ba mai faci ne yake yanke ta ba, tana rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin iska na PSI, kuma tayar tana sanyi ake aunawa. Sai canjin taya: a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan wata tayar, a sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak. Wajen ɗaurewa a riƙa tsallakawa zuwa notin da ke fuskantar wanda aka gama, kada a bi su a jere. Yaro ɗan 12 ba zai iya kwance notin da mai faci ya ɗaure da ƙafa ba, kai za ka karya masa ƙarfinsa, shi ya ƙarasa.

Akwai abubuwa uku da zan so ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin kowa. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da an buɗe zai yi tsalle zuwa fuska. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Batir kuma, kan da ke da alamar debewa ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, saboda idan sifana ta haɗa ɗaya kan da jikin mota wuta za ta tashi. Ruwan cikinsa asid ne, yana cin riga, yana cin ido.

Ka ga duk wannan bai buƙaci kaya masu yawa ba: sifana mai lamba 10, 12 da 14, ta taya, sukudireba, filaya, ɗan ma'aunin iska da tsumma.

Inda gida ya gaza shi ne mota ɗaya ce, kuma saninka yana da iyaka. Bayan wata shida za ku ƙure abin da ka sani. Sannan akwai gajen haƙurinmu na manya. Yaro yana fama da noti, kai kana kallon agogo, sai ka ji bakinka ya ce "kawo nan". Idan ka faɗi haka sau uku, ya daina fitowa. Na yi wannan kuskuren, sai da na yi lallashi kafin ya dawo.

Gareji a nan ya fi gida nesa ba kusa ba. A wuni ɗaya yaro zai ga motoci iri-iri, ya ji ƙarar bel da ya saki, ya ji ta boris ɗin taya, har kunnensa ya iya rarrabewa. Zai ga an sauke inji an warware shi ɗai-ɗai, abin da ba zai taɓa gani a ƙofar gidanka ba. Za a aike shi sayen kaya, in a Kano ne Ƙofar Ruwa, in a Kaduna ne Panteka, ya koyi bambanta sabo da na Beljiyam, da jabun da aka sa wa kwali mai kyau, ya koyi ciniki. Hannunsa zai yi ƙwari. Kuma sana'a ce da ake cin abinci da ita har tsufa, babu mai raina ta sai wanda motarsa ba ta taɓa mutuwa a daji ba.

Sai dai ka san yadda koyon yake tafiya. Sabon yaro aikinsa miƙo sifana, wanke kayan inji, sayo wa oga abinci, share wuri. Ba a zaunar da shi a yi masa bayani, da ido ake ɗauka, in ya yi tambaya da yawa ya sha tsawa. Wanda ya je da ɗan sani a kansa yana fahimtar abin da yake kallo. Wanda ya je fanko zai iya yin shekara yana kwaikwayon hannu bai san dalili ba. Kuma yana kwaikwayon mai kyau da marar kyau a tare. A gareji da yawa har yanzu ana cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin inji, a jefar wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, a zuba mai mai kauri 20W-50 a injin da kamfaninsa ya rubuta 5W-30. Waɗannan ɗabi'u ne da aka gada tun zamanin Fijo 504 da aka fara haɗa irinta a Kaduna a shekarun 1970, motar kabureta mai jure komai. Motar yau kwamfuta ke auna mata mai da iska, kuma tana lissafi da zafin inji; in an cire tamostat sai ta daɗe tana ɗaukar injin a mai sanyi, ta yi ta shan fetur. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket a ƙasan sitiyari da ake jona na'ura ta karanto matsala. Ogan da ke da wannan na'urar kuma yake aiki da ita, shi ne wanda zan nema wa yaro.

Ban manta da zuƙo fetur da baki ta tiyo ba, da wanke hannu da shi kafin cin abinci. Da kuma zama cikin samari da suka girme shi, da irin hirarsu. Akwai gareji da ake tsayar da aiki a yi salla a jam'i, oga yana sa ido kamar uba; akwai kuma wanda ba zan bar yaro ya wuni a ciki ba. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai.

Ta fuskar doka, dokar ƙwadago ta Najeriya ta yarda uba ko mai riƙon maraya ya sa yaron da ya haura 12 bai kai 16 ba koyon sana'a, da yardar yaron, a rubuce, kuma kada ya wuce shekara biyar. Amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta masa karatu har ƙarshen ƙaramar sakandare. Saboda haka maganar cire shi daga makaranta ba ta ma taso ba. Idan sha'awar ta ɗore, bayan JSS 3 akwai kwalejojin fasaha da jarabawar NABTEB ta ɗaliban fasaha da sana'a, akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago da ke ba bakanike takardar shaida.

Da ni ne kai, shekarar nan a gida zan riƙe shi. Akwai abin da ya sa na nace: yaron da ya rasa uba yana tsayawa a bayanka, motar yake kallo, amma kai ma yana neman ka. Awa ɗayan nan ta Asabar, kan baffa da na ɗa a ƙarƙashin bonet, ita ce lokacin da zai gaya maka abin da ke damunsa a makaranta ba tare da ka tambaya ba. Bakanike, komai kirkinsa, yana da motoci biyar suna jiran sa. In akwai 'yan mata a gidan, su ma a kira su, don su ma tuƙi za su yi.

Duk ran da za ka kai motar juyen mai ko canjin birki, ka tafi da shi, ya tsaya ya kalla, ya ga abin da kuka duba a gida yadda ake kwance shi. Ta haka kai ma za ka karanci ogan. In ya kai 14, a dogon hutu, sai ka kai shi wurin wanda ka yarda da shi, daga safe zuwa azahar, da sharaɗi a gaban yaron: ba tuƙa motar mutane, ba shiga ƙarƙashin mota sai an kafa mata ƙarfen tokara, ba fetur a baki. Da yamma ka tambaye shi abin da aka gyara yau da dalilin lalacewarsa. Idan ya kasa faɗar dalilin, ku ɗaga bonet ɗin Corolla ku neme shi tare.