Ƙafar altanata ta ƙirar hannu a Garwa: aikin walda mai kyau, noti marar kyau

Tsohuwar Land Cruiser mai injin 2H tana da yawa a hanyoyin Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, kuma masu ita kan sa mata altanata mai ƙarfin amfiya 90 ko 100 saboda ƙarin fitilu da firij. Sabuwar ba ta zama a tsohuwar ƙafa, wato ƙarfen da ke riƙe altanata a jikin inji, dole sai an ƙera mata tata. Akwai wani garejin walda a bakin hanyar fita Garwa da ke wannan aiki, kuma ya cancanci a yi maganarsa.

Abin yabo na farko, ba sa taɓa ƙarfe sai sun yanka kwali sun gwada a jikin inji. Ƙafar ƙasa suna yin ta da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10, hannun ɗaure fambel kuma milimita 6, sannan su ƙara ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku a inda ya lanƙwashe, su yi walda ciki da waje. Wannan ƙaramin ƙarfen shi ne rayuwar aikin. Injin dizal girgiza gare shi, ga ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri, ƙafar da ba ta da shi daga gefen walda take fara tsagewa. Suna ɗaurewa a ramukan da kamfani ya huda tun asali, ba sa walda a jikin inji, kuma suna cire kan batir kafin su kunna wutar walda.

Inda suka fi burge ni shi ne daidaita fuli. Sukan ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na altanata, su ɗiga walda kaɗan, su sake aunawa, sai ya zauna daram kafin su cike. Karkata ta milimita 2 ma ta isa ta riƙa cinye gefen fambel, ka ga baƙin gari a jikin inji, daga baya boris ya fara kuka. Idan altanatar ta zo da fuli mai layi-layi na sababbin motoci, sukan canza shi da mai rami irin na fambel ɗin motar.

Mai 2H ya kula da abu ɗaya: famfon iskar birki a bayan altanata yake, da bututun mai na shiga da na fita. Ka sayo wadda ba ta da famfon, birki zai yi tauri kamar dutse. Masu garejin sun san haka, suna tambaya tun kafin a fara. Mai Land Cruiser mai injin 1HZ ba shi da wannan damuwa.

Aibinsu noti. Suna sa ƙusoshin kasuwa marasa lamba a ka. Ka zo da naka masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9, da noti mai kulle kansa. Ba sa fenti kuma, damina ɗaya tsatsa ta kama. Waya ma ba aikinsu ba ne: amfiya 100 tana son waya mai girman milimita sukwaya 25 (25 mm²), da fis kusa da batir, don haka a nemi mai lantarki.

Kafin ka biya, danna tsakiyar fambel da babban yatsa, ya nutse kamar milimita 10. A tayar da inji, mita ta nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4 a motar volt 12. Bayan mako guda a koma a sake ɗaure fambel, domin sabo yana miƙewa.