Rumfar gefen mota: wacce ke jure rana da iskar Damagaram

Shekara ta shida ke nan ina kwana a cikin Hiyas. Sana'ata gyaran famfon sola ce, na rijiyoyin ƙauye da na masu lambu, kuma in na bar Zinder ranar Litinin sai Alhamis ko Juma'a nake ganin gida. Na cire kujerun baya, kafinta ya yi mini gado, akwatunan kayan aiki na ƙarƙashinsa. Turawa ma suna da irin wannan mota mai ɗaki, tasu ta yawon hutu ce, tawa ta neman abinci. Abin da ya haɗa ni da su shi ne rumfar da ake kafawa a gefen mota, kuma kusan duk wanda ya gan ni a ƙarƙashinta ina dafa shayi sai ya tambaye ni inda na samo ta.

In kudu ka nufa, wajen Matamai ko Magarya, gawo zai rufa maka asiri, tun da shi da rani yake yin ganye. Amma ka bi hanyar Tanut, ka wuce matatar mai, ka shiga inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga itacen da akuya za ta fake ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, cikin mota ya koma tanda. A nan ne mutum ke sanin darajar inuwa.

Wadda nake so, ba ɓoye-ɓoye, ita ce rumfa mai naɗewa cikin jaka. Doguwar jaka ce ta roba mai kauri, mai zif, ana ɗaure ta a kariyar saman mota. Ka zuge zif, ka kwance maɗauri, ka warware zanen, ƙafafu biyu su sauka ƙasa, hannuwa biyu su miƙe daga jikin mota su ɗame shi. Shi ke nan. Kamfanin ARB na Ostireliya ne ya fi suna da ita, kuma girman da aka fi samu shi ne mita 2 a kan 2.5 ko mita 2.5 a kan 2.5. Ga Hiyas ta biyun ce daidai, don tana rufe ƙofar gefe har ta rage wurin tabarma da kurfoti. Zanenta auduga ce haɗe da zaren roba, nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, kuma in ka dube shi da kyau za ka ga ƙananan gidaje kamar na dara. Zaren da ya yi waɗannan gidaje shi ke tsayar da yagewa, ta yadda ƙaramin huji ba zai zarce ya raba zanen biyu ba.

Dalilina na farko shi ne babu abin da ƙura za ta cushe a jikinta. Babu sifirin, babu giya, babu abin murzawa. Buji ya yi wata uku yana zuba a kanta, ka kaɗe kawai ka ci gaba. Na biyu, duk abin da ya lalace a jikinta ana gyara shi a garin nan. Ɗinki ya saki, dukawa ko masu ɗinkin tamfol za su kama shi. Ƙafa ta lanƙwashe, a yanko bututu a maye gurbinta. Zif ya mutu, a sa wani. Na uku shi ne sanyin ƙasanta: zane mai auduga ba ya turo zafi ƙasa kamar leda, kuma wanda ya taɓa yin azahar a ƙarƙashin shuɗin tamfol ya san abin da nake nufi. Aibinta ɗaya da na yarda da shi, kafa ta kai kaɗai sai da dabara, musamman in akwai ɗan iska. Ni da yarona muna gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa.

Akwai mai akwatin alminiyam, irin su Fiamma F45 ta Italiya da Thule Omnistor, wadda ake murza ƙarfe ta fito da kanta. Tana da kyan gani, amma manyanta sun haura kilo 20, kowace mota da irin maƙalinta, kuma su kansu masu ƙera ta sun rubuta a littafinta cewa ta rana ce, a naɗe ta in iska ta taso. Hannunta ya karye a Gure, sai ka jira saƙo daga Turai. Mai hurawa da iska kuwa, wadda ake kafawa kamar tanti a jikin ƙofa, a ƙasar ƙaya da ƙarangiya ba ta cancanci dogon bayani ba.

Mai buɗewa kamar fiffiken jemage, wadda ke rufe gefe da bayan mota a tare, irin ta Alu-Cab ta Afirka ta Kudu ko Batwing ta Rhino-Rack, ita ce ta taɓa jan raina, don inuwarta kan kai murabba'in mita 10. Kuɗinta ne ya dawo da ni hayyacina. Mai hali in zai saya, ya tuna ana yin ta dama ana yin ta hagu, kuma ƙasashen da ke ƙera ta a hannun hagu suke tuƙi. Ƙofar gefen motocinmu a dama take. Ya kuma auna ko ƙofar baya ta Hiyas, mai ɗagawa sama, za ta buɗe a ƙarƙashinta. Ta gida kuma, wato tamfol ɗin babbar mota da bututun da mai walda ya haɗa, ban raina ta ba, nauyi ne kawai da zafi.

Yanzu ga abin da ya sa nake magana kamar wanda maciji ya taɓa sara. Rumfata ta farko jabu ce. Na ga hotonta a wani zauren saye da sayarwa na waya, da sunan wani babban kamfani ɓaro-ɓaro a jikin jakar. Na kira mutumin, ya ce, "Maigida, wallahi orijina ce, guda biyu suka rage." Kuɗin bai kai rabin abin da na ji ana faɗa ba, ni kuma na ɗauka sa'a ce ta same ni. Na tura kuɗi, aka sako ta a mota. Ta yi mini rani ɗaya lafiya lau. A watan Yuni, muna aiki a wani ƙauye wajen Belbeji, gabas ta yi ja da la'asar. Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan bangon ƙura da ke riga ruwa isowa. Ina saman tanki, kafin in sauko iska ta shiga ƙarƙashin rumfar, turakunta 'yan guntaye suka fita daga rairayi kamar tsinke, gaɓar da ta riƙe hannun ta tsinke, hannun ya wuntsila saman mota ya sauka a kan faifan solata. Zanen ya yage daga wannan baki zuwa wancan. Asarar faifan ta fi ta rumfar ciwo. Da na kira mai kayan, sai ya ce, "Ai Maigida, iska ta Allah ce." Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Tun daga nan, gaɓa nake fara dubawa kafin komai. Ta jabu busasshiyar roba ce, rana ta gasa ta 'yan watanni ta koma kamar ƙwaryar da ta tsufa. Ta kirki ko dai ƙarfe ce, ko roba mai lanƙwasa wadda in ka murɗa ta da hannu za ta ba da kai ta dawo. Ka tambayi mai kaya ko yana da gaɓa ta canji. In ya tsaya yana kallonka, ka san bai san abin da yake sayarwa ba.

Suna a jikin jaka kuwa ba shaida ba ne, tambari ana buga shi a ko'ina. Ka sa a buɗe rumfar gaba ɗaya a gabanka, ko da mai shago zai ɓata rai. Ka ɗaga zanen ka dubi rana ta cikinsa: in haske na ratsowa ɗigo-ɗigo, ruwa ma zai ratso. Ka zuba ruwan buta a kan ɗinki ka leƙa ƙasansa. Ka taɓa shi, in yana santsi yana ƙara kamar laima, zaren roba ne zalla da aka shafa wa fenti mai ruwan azurfa, kuma fentin nan ɓarewa yake yi. Lissafi ma zai taimake ka: zane mai giram 300 na mita 2.5 a kan 2.5 ya kusa kilo 2 shi kaɗai, ban da sanduna. In ka ji shi sakayau a hannu, ba shi ba ne. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, ka manna a ƙafafun. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu, bututun ƙarfe da aka fesa wa fenti yana kamawa, kuma damina ɗaya zai yi tsatsa ya ƙi zamewa.

Ka tafi da abin awo. Wata dabara da ake yi ita ce a ce maka 2.5 a kan 2.5, tsawon jakar ya cika, amma in aka warware sai fitar zanen ta tsaya a mita 2. Wata kuma, a faɗi kuɗi ban da maƙalai, sai ka biya ka kai gida ka tarar babu abin da zai riƙe ta a kariya. Ka ƙirga noti, igiya da turaku a gaban mai kaya. Ta gwanjo da ke zuwa daga Turai ma akwai nata: wadda aka naɗe da danshi takan yi funfuna, daga waje tsaf, a tsakiyar naɗin baƙaƙen tabo da wari, kuma zaren wurin ya riga ya ruɓe. Mai akwatin alminiyam ta gwanjo sau da yawa ƙarfen murzawarta ya ɓace a hanya. Wanda ya ce ka turo kuɗi tukuna ka ga kaya daga baya, ka ce masa kana da ɗan'uwa a garinsu da zai zo ya duba. Amsar da zai ba ka ta isa ka gane shi.

Ko ta gaskiya ka samu, turakun da ke zuwa da ita ba don rairayinmu aka yi su ba. Na sa mai walda ya yanko mini rodi mai milimita 12, tsawon rabin mita, ya lanƙwasa kan, guda huɗu. Inda ƙasa ta yi laushi sosai, buhu nake cikawa da rairayi in binne, in ɗaure igiya a jikinsa. Da rani nakan juya motar rumfa ta dubi gabas, jikin mota ya tare mini ranar yamma. Da damina wannan juyin haɗari ne, don daga gabas hadari ke tasowa, saboda haka sai in juya ta yamma in rataya zana a bakinta. In yayyafi ne kawai, nakan rage tsawon ƙafa ɗaya don ruwa ya gangare kada ya taru a tsakiya. In gabas ta fara ja kuwa, ko ina tsakiyar aiki ne yarona ya san abin yi, naɗewa kawai.

Notocin maƙalai nakan bi su da sifana duk lokacin da na dawo daga hanyar Tanut, don girgizar hanyar na kwance su a hankali. Na taɓa samun biyu cikin shida sun saki, saura kaɗan su faɗi.