Kwas ɗin rainon yara mataki na 3 a Ingila: ana aiki ana karatu, ya cancanci wata 18 ɗin?

A Ingila, wanda yake son gidan rainon yara ya ƙidaya shi cikin cikakkun ma'aikata yawanci sai ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa ta mataki na 3. Hanyar da mutane da yawa ke bi su samu takardar ba tare da sun ajiye aiki ba ita ce shirin koyon sana'a da ake kira Early Years Educator. Mutum yana aiki a gidan raino ana biyansa albashi, wata cibiyar horo kuma tana kula da karatunsa, yawanci na kusan wata 18, sannan a yi masa tantancewar ƙarshe. Mai aikin rabin lokaci yakan ɗauki fiye da haka. Wannan bayani na Ingila ne kaɗai, Sikotilan da Wales suna da nasu tsarin.

Hukuncinmu tun farko shi ne kwas ɗin yana da kyau ƙwarai, amma kyansa ya rataya ne a wuyan gidan rainon da mutum ke aiki fiye da cibiyar da ta yi masa rajista. Manhajar kusan ɗaya ce a ko'ina. Abin da ke bambanta wanda ya fito gwani da wanda ya fito da takarda kawai shi ne ko an ba shi lokacin karatu na gaskiya, da kuma ko akwai ƙwararriyar ma'aikaciya da ke duba aikinsa a ɗakin yara.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin horo, kuma doka ta hana mai gidan raino ya ce masa ya biya. Ƙaramin gida yana biyan kashi 5 cikin ɗari, gwamnati ta biya saura, kuma tun Afrilu 2024 gwamnati ke ɗaukar duka idan ɗalibin bai kai shekara 22 ba. Inda abin ke ciwo shi ne albashi. Mafi ƙarancin albashin mai koyon sana'a ya zama fam 7.55 a awa a Afrilu 2025, kuma ana iya biyan babba wannan kuɗin a shekararsa ta farko. Ga uwa mai haya da yara, wannan ba ya isa. Gidaje da dama suna biyan fiye da haka, musamman ga wanda dama ma'aikacinsu ne, don haka a yi maganar a rubuce kafin a sa hannu. Wanda ya zo daga waje kuma ya binciki sharaɗin zama, domin galibi ana neman shekara 3 a ƙasar da izinin aikin da zai kai ƙarshen kwas.

Ginshiƙin karatun shi ne tsarin EYFS, wato ƙa'idojin gwamnati na raino da koyar da ƙananan yara, wanda ya fara aiki a 2008 kuma ya wajaba a kan duk mai rainon yara daga haihuwa zuwa shekara 5 da ke da rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da gidajen raino. Tsarin ya raba ci gaban yaro fanni bakwai. Uku su ne tushe: magana da fahimtar harshe, ƙarfin jiki da motsi, sai zaman tare da sarrafa zuciya. Sauran huɗun su ne karatu da rubutu, lissafi, sanin duniyar da ke kewaye da shi, da fasaha da ƙirƙira. Ana koyar da ra'ayoyin masana ci gaban yara irin su Piaget da Vygotsky da Bowlby, kuma a nan ne yin karatu a wurin aiki ke nuna fa'idarsa. Wanda ya karanta bayanin Bowlby kan shaƙuwar jariri da mai kula da shi a daren Talata, da safen Laraba zai karɓi jaririya 'yar wata 10 mai ƙiwa tana tsala kuka uwarta na fita. Nan take zai gane dalilin da ya sa doka ta ce kowane yaro sai an ware masa ma'aikaci guda da zai saba da shi, ya riƙa canza masa famfas, ya kwantar da shi barci, ya zama shi iyaye ke magana da shi.

Mafi darajar abin da kwas ɗin ke koyarwa shi ne kallon yaro, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi jinkirin ƙwarewa a kansa. Sabon ɗalibi yakan rubuta cewa yaro ya yi wasa da ƙasa ya ji daɗi. Wannan ba ya gaya wa kowa komai. Abin da ake so shi ne a rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ba tare da fassara ba: ya cika kofi da yashi, ya juye a babban bokiti, ya maimaita sau da dama, ya riƙe cokali da dukan tafin hannunsa, ya ce "ƙara" yana kallon mai kula da shi. Daga wannan sai a yi tambaya ta biyu, me wannan ke nunawa? Yana gwada cika da juyewa, riƙonsa bai koma na yatsu ba tukuna, yana amfani da kalma ɗaya don neman abu. Tambaya ta uku, gobe me za a ajiye masa? Mazurari, kofuna masu girma daban-daban, da babba a gefensa yana mayar masa da kalmarsa da ƙari, "ƙara yashi", "ya cika". A gani, a auna, a shirya, haka zagayen yake tafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake na tsakiya, a ɗauki hoto a manhajar waya a tura wa iyaye, a ɗauka an gama. Gyaran EYFS na 2021 ya fito fili ya ce kada tara takardu ya janye ma'aikaci daga zama da yara, amma har yanzu akwai ɗakunan da ake auna ƙwazo da yawan hotuna. Ɗalibin da ya faɗa irin wannan ɗaki zai koyi cika shafi, ba zai koyi ganin yaro ba.

Wannan ƙwarewar ce ake buƙata wajen rahoton ci gaba na shekara biyu, wanda wajibi ne a rubuta wa iyaye tsakanin shekara 2 da 3 kan fannoni ukun tushe. Ɗan shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi kamar 50 ko fiye, ya fara haɗa biyu. Ga iyalan da ke magana da Hausa ko wani harshe a gida, akwai abin lura. Tsarin ya ce ana iya ba yaro dama ya yi amfani da harshen gidansu a wasa da koyo, kuma idan Turancinsa bai yi ƙarfi ba, a zauna da iyaye a binciki yadda yake a harshen gida kafin a ce yana da jinkirin magana. Ma'aikaci mai harshe biyu yana da babban amfani a nan. Yaron da ya yi shiru a ɗaki amma yana zuba zance da kakarsa daban yake da yaron da gwarancinsa bai koma kalmomi ba a kowane harshe, na biyun ne ake tura wa masu duba magana.

Ɓangaren lafiya da tsaro ba shi da wasa, kuma ana koyar da shi da adadi. Jariri a kwantar da shi rigingine, zafin ɗaki tsakanin digiri 16 da 20. Madarar gwangwani a haɗa ta da ruwan da bai gaza digiri 70 ba. Inabi a yanka shi a tsaye gida huɗu, domin ƙwayarsa daidai take da faɗin maƙogwaron yaro, kuma yaron da abu ya maƙale masa sau da yawa ba ya yin ƙara, shi ya sa dole ido da kunne su kasance a kan yara lokacin cin abinci. Akwai horon agajin gaggawa na yara na awa 12 da ake sabuntawa duk shekara 3, akwai binciken DBS, wato duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi, kafin a bar mutum shi kaɗai da yara, akwai sanin wanda za a kai wa rahoto idan an ga alamar cutarwa a jikin yaro.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa. Doka ta ce a ware wa ɗalibi lokacin koyo cikin awoyin da ake biyansa. Tun Agusta 2022 ana lissafa shi awa 6 a mako ga mai cikakken aiki, a 2025 kuma aka mayar da shi jimillar awoyi ga kowane kwas. Matsalar ita ce gidan raino yana tafiya ne da ƙididdiga: babba 1 ga jarirai 3 'yan ƙasa da shekara 2, babba 1 ga 'yan shekara biyu 5 tun Satumba 2023, babba 1 ga yara 8 daga shekara 3. Tun Janairu 2024 ana iya ƙidaya ɗalibin mataki na 3 a matsayin ma'aikacin mataki na 2 idan shugaban gidan ya gamsu da shi. Ranar da wata ma'aikaciya ta kwanta rashin lafiya, awoyin ɗalibi ne abin farko da ake cinyewa. Mako biyu ko uku na haka, aikin rubutu ya taru, sai a koma yin sa da dare a gida ba biya. Maganinsa shi ne a sa ranar karatu a jadawalin aiki tun farko, a rubuta kowace awa a ranar da aka yi ta, a kuma ɗaga maganar a zaman bitar da ake yi tsakanin ɗalibi da shugabansa da malamin cibiya aƙalla duk wata uku. Idan ɗalibi yana ɗaukar darasin Turanci da lissafi, awoyinsa ba sa shiga cikin wannan lokacin koyon.

Matsala ta biyu ita ce zama a ɗaki ɗaya. Takardar ta shafi haihuwa zuwa shekara 5, amma sai a ga an bar ɗalibi wata 15 a ɗakin manyan yara bai taɓa haɗa madara ba. A nemi a zagaya da mutum ɗakin jarirai da na 'yan tatata da na masu shirin shiga makaranta. Ta uku ita ce sauyin malamai a wasu cibiyoyi, kowane sabo ya zo da yadda yake son a tsara fayil ɗin da ɗalibi ke tara shaidar aikinsa a ciki.

Tantancewar ƙarshe wani mai jarrabawa ne daga waje ke yin ta. A fasalin da aka fara a 2024, yana kallon ɗalibi yana aiki da yara ya yi masa tambayoyi, sannan su zauna tattaunawa a kan fayil ɗin aikinsa. Mun fi son wannan a kan jarrabawar zaɓi-ɗaya ta da, domin ba a iya haddace yadda ake lallashin yara biyu da ke rigima kan keke ɗaya. A 2025 gwamnati ta fara sake fasalin tantancewar koyon sana'a, don haka a tambayi cibiya wanne ne zai hau kan mutum.

Abu ɗaya da ke kama mutane ba shiri: ko an ci kwas, ba za a ƙidaya mutum a mataki na 3 ba sai yana da Turanci mataki na 2, wato GCSE, jarrabawar sakandare ta Ingila, ko makamancinsa. An cire sharaɗin lissafi a Janairu 2024, amma na Turanci yana nan. Mai takardar sakandare daga wata ƙasa ya kai ta UK ENIC, hukumar da ke auna takardun karatu na ƙasashen waje, a auna tun watan farko, kada ya jira ƙarshe.

Wanda ya gama yana iya wucewa mataki na 5 ko digiri, shi ma yana aiki. A sani dai, ƙididdigar babba 1 ga yara 13 sai mai takardar shaidar malanta irin QTS ko EYTS, mataki na 5 ba ya buɗe ta.

Ga wanda dama yana aiki a gidan raino mai isassun ma'aikata, muna ba da shawarar shiga ba tare da jinkiri ba. Ga mai neman sabon wuri, ya tambayi shugaban gidan wa zai zama mai duba aikinsa, wace rana ce ranar karatunsa, kuma ɗalibai nawa suka gama a gidan. Idan amsar ta zo a dunƙule, ya nemi wani gidan.