Tsakanin Zariya da Kano: Sharhi Kan Inda Na Yi Digiri Na Biyu a Fannin Tarihi

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk sun ba ni gurbin karatun digiri na biyu a fannin Tarihi, kuma na zaɓi ta Kano. Yanzu da na kare kundina na kuma karɓi sakamako, ina ganin ya dace in bayyana abin da na auna kafin yanke shawara da abin da na tarar bayan na shiga, domin galibin shawarar da ake bai wa mai neman gurbi ba ta wuce maganar wace jami'a ce ta fi suna ba.

Idan suna ne ma'auni, a fannin Tarihi Zariya ce ke gaba, kuma ba na jin wani malamin Kano zai yi jayayya da hakan. An kafa ta a 1962, sashenta na Tarihi kuwa shi ne wanda Farfesa Abdullahi Smith da Dakta Yusufu Bala Usman suka ɗaga darajarsa har ya zama makaranta mai tafarkin tunaninta na kanta. Jami'ar Bayero ma daga jikinta ta fito, domin kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin Zariya kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Baya ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, Zariya tana da Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana takardun tarihi, a gari ɗaya da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Ɗalibin da ke Samaru yana iya zuwa Kaduna da safe, ya yi aikinsa, ya dawo ya kwana a ɗakinsa.

Abin da ya rinjaye ni shi ne batun da na ƙudura yin bincike a kansa, wato cinikin gyaɗa a Kano tun daga isowar titin jirgin ƙasa a 1911 har zuwa durƙushewar harkar a shekarun 1970. Takardun Turawan mulki kan haraji da farashi suna Kaduna, amma takarda ba ta tsufa ta mutu kamar yadda mutum ke yi. Dattawan da suka yi dillanci, da waɗanda suka ɗauki buhu a ka suka jera dalar gyaɗa a Ƙofar Mazugal, da jikokin fataken da suka yi hulɗa da gidan Alhassan Ɗantata, duk a Kano suke, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Irin waɗannan mutane ba a yi musu zuwa ɗaya a gama. Sai an je an gaisa, an koma, an sake komawa, kafin dattijo ya saki jiki ya faɗi abin da ba ya faɗa wa baƙo. Da a Zariya nake zaune, da kuɗin mota da nisan hanya sun tilasta mini rage waɗannan ziyarce-ziyarce, kuma da kundin ya koma maimaita abin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kawai.

Ta wannan fuska zaɓin ya biya ni. Malamin da ya duba aikina ya san unguwannin da nake shiga, ya san wanda ya kamata in fara gaisarwa kafin in tunkari wani gida, kuma gyaran da ya riƙa yi mini a kan babi na biyu da na uku ya fi duk darussan zangon farko amfani a wurina. Taron gabatar da tsarin bincike a gaban malaman sashe ya yi zafi, amma tambayoyin da aka yi mini a nan su ne kusan waɗanda mai jarrabawa na waje ya sake yi ranar kare kundi, don haka ban same su a matsayin sabon abu ba. Na kuma amfana da Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar bincike, wanda ke ƙarƙashin jami'ar, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, gidajen adana kayan tarihi waɗanda ba nata ba ne amma suna kusa.

Zama a Kano bai raba ni da Kaduna ba. Dole na ware kuɗin tafiya da masauki domin karanta fayilolin lardin Kano, kuma a nan ne abokan da ke karatu a Zariya suka fi ni sauƙi ƙwarai. Haya a kewayen Rijiyar Zaki da titin Gwarzo, inda sabon mazaunin jami'ar yake, ba ta da arha, sannan kuɗin adaidaita sahu zuwa cikin birni yana cin aljihu a hankali ba tare da mutum ya lura ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kuwa, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tsayar da mu kamar yadda ya tsayar da na Samaru, saboda haka ba abin da za a fifita ɗaya a kan ɗaya da shi ba ne.

Da batuna ya shafi tsarin mulkin Jihar Arewa ko siyasar Jamhuriya ta Farko, inda hujjojin suke a rubuce, da Zariya zan tafi ba tare da dogon tunani ba. Wanda bai tsayar da batun bincikensa ba tukuna, gara ya je sassan biyu da ƙafarsa kafin ya biya kuɗin rajista, ya duba kundayen da aka kammala a 'yan shekarun nan, ya ga wane malami ne ke aiki a kan abin da yake so, sannan ya tambayi ɗaliban da ke hannun malamin tsawon lokacin da babi ke ɗauka kafin ya dawo da gyara.